Madubin Da Zai Ɗauki Mutum Biyu

Masu bin labarina, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban buɗe baki ba za ta zo har gida ta buɗe min shi da cokali. Na gode, 'yar'uwa. Ki ajiye cokalinki tukuna ki ji abin da ya faru ranar Asabar. Ku kuma da yau kuka fara shigowa, bari in ja muku kujera.

A gidanmu Duk-Ɗaya ake kirana. Halina ne ya raɗa min. Tun ina ƙarama in aka ce min ja ko kore, sai in ce duk ɗaya ne. Ba wai ba ni da wanda nake so ba, a'a, kafin in gama juya maganar a raina an riga an wuce wurin. Yaya, babbar yayarmu, ita ce bakina. Ko a asibiti likita ya tambaye ni ina ke min ciwo, Yaya ce ke amsawa, abin haushin kuma daidai take faɗa. Shekarun da sa'o'ina ke makaranta ni ina wajen Kaka ina jinyarta. Da ta rasu na dawo gida da girmana, Yaya ce ta kama hannuna ta kai ni ajin manya na yamma, ta saya min jaka, ta kuma ajiye ni a shagonta na kayan yara. Don haka kada wanda ya ce min Yaya muguwa ce. Irin matan nan ce da in suna sonka sai su tauna maka abinci su ce haɗiye kawai.

Shi kuma Dogo, saurayina, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. A shagon Yaya muka haɗu, ranar da na'urar sanyin shagon ta fara zubar da ruwa a kan rigunan jarirai. Na je zan ɗauko masa tsani, ya ce in bari, Allah ya riga ya ba shi nasa. Ya miƙa hannu ya kwance murfin yana tsaye a ƙasa, ni kuma na tara masa tafin hannu yana zuba min ƙusoshi. Yana ta surutu, ina ta saurare. Daga baya ya ce min a ranar ya gane ni ce, wai bai taɓa ganin wadda ta ji labarin injin firji har ƙarshe ba tare da ta yi hamma ba. Ni kuwa, in kuna son gaskiya, kaina iyakarsa aljihun rigarsa.

An fi shekara yana zuwa gidanmu. Ya kama gidan haya a bene, ɗaki biyu da falo, yana gyarawa a hankali. Kowa ya san inda aka dosa, amma har yanzu bai turo manyansa ba. Dalilin kuwa ni kaɗai na sani. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar falo ya ce ba zai turo kowa ba sai ya ji daga bakina cewa ina so. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina, na ce duk yadda ya gani. Bai yi fushi ba. Ya dai shanye ruwan da na kawo masa, ya yi sallama. Tun daga ranar bai sake tayar da zancen ba, sai hotuna da yake turo min: launin fenti, labule, tayil, fitilun falo, kowanne da tambayar wanne ya yi min.

Nan ne inda abin yake. Duk hoton da ya shigo muna shago ne, kuma kunnen Yaya ya san ƙarar wayata fiye da nawa. Kafin in gama buɗe hoton ta karɓe, ta zuƙo shi da yatsu biyu, ta taɓe baki, ta rubuta. Fenti ruwan goro. Labule mai ruwan zinare da tuntaye. Tayil mai ƙyalli kamar an zuba mai. Sai ta miƙo min wayar ta ce na gode mata daga baya. Shi kuma amsarsa kullum guda ce: "To, madalla." Ni da ruwan goro kuwa ko a takalmi ba ma shiri.

Ranar Juma'a da safe ina guga Umma ta shigo ta zauna a bakin gado. In Umma ta zauna a bakin gado ta fara gyara zanen da ba abin da ya same shi, to saƙon Baba ta kawo. Ta ce Baba ya ce shi ba ya son wasa da 'ya'yan mutane, ba ya kuma son a yi wasa da tasa. In wata ya ƙare yaron nan bai turo ba, ya daina ajiye babur ɗinsa a ƙofar gida. Ta ce maƙwabta har sun fara gaishe shi da "angon bana", ita kuma ta gaji da murmushin dole.

"Ke me ya ce miki?"

Na ce bai ce komai ba.

"Ke kuma me kika ce masa?"

Na juya rigar da nake gogewa. Umma ta dube ni, ta yi ajiyar zuciya, ta ce kurma ya auri bebiya ma ai sai an samu mai nuni da hannu. Ta tashi ta fita.

Muna buɗe shago saƙonsa ya shigo. Wannan karon ba hoto.

"Saura madubin banɗaki. Shi ba a zaɓensa a waya, sai da mai fuskar. Gobe da hantsi, in an ba ki izini."

Yaya ta karanta ta saman kafaɗata. Ta ce wane irin mutum ne wannan, gida guda an gama a waya sai madubi ne zai gagara. Amma ba laifi, za ta rufe shago ta kai ni, dama tana son ta ga yadda labulenta suka zauna. Labulenta, haka ta ce, ba ta ma ji kanta ba.

Asabar tun da sassafe ta iso da motarta. Na riga na sa doguwar riga shuɗiya mara ado, wadda nake jin daɗinta don tana da aljihu. Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ba makaranta za mu ba. Ta buɗe durowa ta fito da leshi ruwan hoda mai duwatsu a wuya, da mayafin da ke zamewa in ka yi numfashi da ƙarfi, da takalmi mai tsini wai don in ɗan kamo shi. Na sa. Na shiga banɗaki in duba fuskata, na ga abin da na saba gani: goshina da gira. Madubin banɗakinmu Baba ne ya kafa shi da kansa tun kafin a haife ni, daidai tsayinsa. Su Yaya duk dogaye ne, shi suka biyo. Ni Goggo na biyo. Kwalli nakan sa da ɗage, sauran fuskar kuma in duba a gilashin waya.

Goggo yayar Baba ce, tana zaune da mu tun rasuwar mijinta. Gajeriya ce kamar turmi, ga baki. Muna fitowa muka tarar ta riga ta shige gaban mota ta rungume jakarta. Ta ce ita ma tana da sayayya, kujerar roba take so ta wanka don gwiwoyinta sun fara yi mata rashin kunya. Yaya ta ce ai ana iya sayo mata. Goggo ta ce kujerar da za ta zauna a kai ba mai gwada mata ita da nasa mazaunin.

Shagon madubin yana layin masu kayan gini, tsakanin mai famfo da mai tayil. Dogo na tsaye a ƙofa da rigar aikinsa wankakkiya, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a ƙugu. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ta ce ya tashi haka nan, durƙuson nasa ma ya fi ta tsayi. Ya gaida Yaya. Ni kuma ya dubi takalmina, ya dubi yadda nake takawa kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu, ya kawar da kai yana cije leɓe.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Ko ina ka juya kai ne. Masu zagaye, masu kusurwa huɗu, masu siffar ƙwai, masu ƙaramar durowa a baya ta ajiye buroshi da magani. Na ga kaina ta gaba, ta gefe, har ta ƙeya, na kuma gane cewa mayafin nan ya karkace tun a mota ba wanda ya gaya min. Mai shagon wata mata ce mai tabarau a rataye da igiya, irin masu sayarwar nan da duk abin da ka taɓa sai su ce kai dai ka iya zaɓe. Tana da butar lantarki a kan tebur, ba don shayi ba. In kana shakka sai ta tafasa ruwa ta kara bakin butar a jikin madubi don ka ga wanda suraci ke rufewa da wanda ba ya rufewa.

Ta tambaya na falo ake so ko na banɗaki. Yaya ta ce na banɗaki, amma wanda in baƙuwa ta shiga za ta fito tana ba da labari.

Ba a ɗau lokaci ba Yaya ta samu nata. Mai zagaye ne kamar faranti, bakinsa ruwan zinare da zanen furanni, ga fitila a kewaye da in ka shafa sai ta kama. Mai shago ta ce Hajiya ta iya zaɓe. Aka tafasa buta, aka kara, madubi ya tsaya garau. Yaya ta shafa fitilar ta kama, ta sake shafawa ta mutu, ta sake shafawa. Ta ce wannan da fentin ruwan goro kamar tare aka haife su. Ta ce a naɗe.

Dogo ya ce to, madalla, amma a bari a gwada tukuna. Ya ɗauki madubin ya kara a bango daidai fuskarsa, ya ce in zo in tsaya. Na tsaya. Ya tambaye ni me nake gani. Na ce fankar sama.

Goggo ta fara dariya tana riƙe da jaka.

Ya sauko da shi daidai fuskata, ya ja da baya iya tsayin hannunsa ya leƙa. Ya ce shi kuma yanzu maɓallin rigarsa na uku yake gani, kuma ya gode, don bai san ya kusa tsinkewa ba.

Yaya ta ce wannan ai ba matsala ba ce. A kafa shi a sama, a saya min 'yar kujera in riƙa hawa. Goggo ta ce ita ta zo sayen kujera don ta tsufa, ba a fara aure da hawa kujera a kan jiƙaƙƙen tayil ba, sai dai in asibiti ake son a yi amarcin. Yaya ta ce to a kafa shi a ƙasa, namiji me zai duba a madubi, gemu ne, ya sunkuya.

"Zan sunkuya, Yaya," in ji Dogo. "Kullum ma. In ita ta ce shi take so."

Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba, madubin yake kallo. Butar ta gama kukanta ta kashe kanta. Na san ba zancen madubi yake ba. Na kuma san kalmomin da suka riga suka hau kan harshena, don sun san hanya, ba sa neman izini. In na faɗe su za a naɗe farantin zinare, kowa ya shiga mota, shi kuma ya ce to madalla. Wata ya ƙare. Babur ya daina tsayawa a ƙofar gida.

Abin da ban gaya muku ba, tun shigowarmu na ga wani madubi. Yana jingine a bayan ƙofa, ba a ma rataye shi ba. Mai tsayi ne siriri, ba fure ba fitila, bakinsa wani ɗan ƙarfe fari da ba ya tsatsa. Ba abin da ya ja ni gare shi sai abu guda: duk sanda na saci kallonsa sai in ga fuskata cikakkiya a ƙasa, ta Dogo kuma can a sama, fensir da komai. Ba wanda ya ɗage, ba wanda ya sunkuya.

Na ce, "Wancan."

Muryar da ta fito ko sauro ya fi ta. Yaya ta ce me na ce. Goggo, wadda kullum ke cewa kunnenta ya yi nauyi in an aike ta da magana, ta ce yarinya ta ce wancan.

Yaya ta juya ta dube shi. Ta ce wannan ai na shagon tela ne. Ta ce kamar an ciro ƙofar firji, ko da yake ba mamaki, an ga mai gyaran firji. Mai shago ta ce gaskiya na jikin durowar kaya ne, amma ana sa shi a banɗaki, kuma ƙanwar Hajiya ta iya zaɓe. Yaya ta harare ta.

"Duk-Ɗaya, dubi wannan ki dubi wancan. Me kika gani a jikinsa?"

Na ce, "Haɓata."

"Me?"

"Ina ganin haɓata a ciki, Yaya. A na gida ban taɓa gani ba."

Ta ce wane na gida, na banɗaki? Ai lafiyarsa ƙalau. Na ce lafiyarsa ƙalau a wajenta. Goggo ta ce ita tun da ta dawo gidan ƙaninta ba ta san ko tana da hanci ba, da hannu take lalubawa. Dogo ya juya baya yana duba wani madubi da ba ruwansa da shi, kafaɗunsa na rawa.

Yaya ta ce shekara da shekaru, me ya hana ni faɗa. Ta dube ni wani irin kallo, ba na fushi ba, irin kallon da kake yi wa ɗakin da ka saba shiga ka tarar an juya gadon. Sannan ta gyara jakarta ta ce to, tunda abin ya zama haka, a naɗe ƙofar firjin. Ai ba ita za ta yi wanka a wurin ba. Mai shago ta so ta tafasa buta a gwada, na ce ta bari, in ya yi suraci zan goge. Wannan ma ni na faɗa, ba wanda ya tambaye ni. Dogo ya waiwayo ya dube ni kamar na yi waƙa.

Aka kwantar da kujerar mota aka zura madubin, kansa a wajen Goggo, ƙafarsa a wajena. Goggo ta samu kujerarta ta roba a shagon gaba, bayan ta zauna a kan kusan duk wadda ke shagon. Dogo ya ce zai iya kai madubin shi kaɗai, ba sai an wahalar da mu ba. Na lura ya faɗi haka har sau biyu. Yaya ta ce ina, ta rufe shago ranar kasuwa, ba za ta koma ba ta ga labule ba. Ya shafa ƙeya, ya hau babur ya shige gaba, muka bi shi.

A hanya Yaya ta dawo daidai. Tana tuƙi tana ba Goggo labarin falon: yadda ruwan goron zai kama hasken yamma, yadda tuntayen za su sauka, irin kujerun da ta riga ta gani a wajen wani mai kafinta da za su shiga da su. Ta ce madubi ɗaya ba zai ɓata gida ba, in an rufe ƙofar banɗaki shi ke nan.

Benen hawa biyu ne. Na cire takalmin tsinin na riƙe a hannu, Goggo na hawa tana yi wa wanda ya ƙirƙiro bene addu'ar shiriya. Dogo na gaba da madubi a kafaɗa. A bakin ƙofa ya daɗe yana neman makullin da ke hannunsa.

Ya buɗe.

Fari fat. Bango fari, silin fari, ƙasa siminti, ko tayil ba a sa ba sai a banɗaki da kicin, shi ma fari mara ƙyalli. Tagogi tsirara, ɗaya an rufe ta da tsohon zanen gado. A tsakiyar falo akwai bokitin farin fenti da ba a buɗe ba, da tabarma, da akwatin kayan aikinsa. Iska na shiga ta ko'ina. Wallahi ban san sanda na ja numfashi har ciki ba.

Yaya ta shiga ɗaki ta fito, ta shiga ɗayan ta fito. Ta tambaya ko gidan ne wannan. Ta tambaya ina fentin, ina labulen, ina fitilun da aka zaɓa tun watannin baya.

Dogo ya jingine madubin, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Yaya, ki gafarce ni. Ban sayi ko ɗaya ba."

"Saboda me?"

"Ita in na ce mata ina kwana, sai na sha shayi na isa wurin aiki amsar ke zuwa. Amma labule, kafin hoton ya gama shiga an zaɓa, har da dalilai. Na san ba ita ba ce."

Goggo ta ajiye kujerar robarta a tsakiyar falon ta zauna, kamar wadda ta zo kallo ta samu wurin gaba.

Ya ci gaba da cewa ba raini ba ne. Duk abin da Yaya ta zaɓa yana nan a wayarsa, ya san shagunan, in na ce su nake so gobe za a kawo. Ya ce ya san irin ɗawainiyar da ta yi da ni, ba kuma zai taɓa mantawa ba. Shi dai tsoronsa guda ne: kada ya zama shi ma zaɓa min shi aka yi na ce duk ɗaya.

Yaya ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ta ce ba komai, ai gidansu ne. Ta ce ashe ita ta yi ta zuba kamar famfo ana kallonta. Ta ciro waya ta matsa wajen taga tana dannawa. Na so in je wurinta. Goggo ta yi min nuni da haɓa wajen banɗaki, ta ce a je a kafa abin da aka zo kafawa, ita tana nan tana ganin ƙofa.

Banɗakin ƙarami ne, da 'yar taga a sama da wurin wanke hannu. Ya kara madubin a bangon da ke gefensa ya ce in tsaya. Na tsaya ba takalmi, leshin ruwan hoda na jan ƙasa. Ya ɗaga kaɗan, na ce ya yi sama. Ya sauke, na ce ya ƙara kaɗan. Ya ƙara. Na ce nan. Ya dafe da gwiwa ya zaro fensir ya yi alama, sannan bai matsa ba. Ta cikin madubin ya dube ni, ni ma ta nan na dube shi, don ya fi sauƙi.

"Na ji abin da Baba ya ce," in ji shi a hankali. "Goggo ta gaya min jiya."

Daga falo Goggo ta yi tari.

"Ba don wata zai ƙare nake tambaya ba. In kin ce in jira, zan je in ba Baba haƙuri da kaina. In kin ce in bari, zan kafa miki madubin nan a gidanku in tafi. In turo?"

Na saurara ko wani zai amsa. Ba kowa. Famfo na ɗiga, wani yaro na kuka a gidan ƙasa.

Na ce, "Ka turo."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

Fensirin ya faɗi cikin wurin wanke hannu. Ya sa hannu zai ɗauka madubin ya zame, muka tare shi tare, shi ta sama ni ta ƙasa. Tunda baki ya buɗe sai na ƙara da cewa bangon ya bar shi fari, labule kuma shuɗi nake so mara tuntu, kuma wannan takalmin ba zan sake sa shi ba ko ranar biki. Ya ce in bi a hankali, kada in ƙarar da maganar shekara a yini guda.

Muka fito falo ina jin fuskata na zafi. Goggo na nan a kan kujerarta. Wajen taga ba kowa.

Na tambaya ina Yaya. Goggo ta ce ta sauka. Na leƙa ta tagar da ba labule, na ga wurin da muka ajiye mota fayau, sai babur ɗin Dogo shi kaɗai a rana. Yaya ba ta taɓa tafiya ta bar ni a wani wuri ba. Ko ajin yamma, in ruwa ya tsare ni, ita ke zuwa da lema.

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Umma ce, saƙon murya. Na kara a kunne. Ta ce me na yi wa yayata ta kira ta tana kuka a kan titi, wai Yaya ta ce daga yau ta cire hannunta daga kaina, shago ma in nemi wani. Ta ce Baba na zaune yana jira, in taho gida yanzu, kuma in taho da bakina don yau ba mai ara min nasa.

Dogo ya ce zai bi mu ya yi bayani. Na ce a'a, wannan tawa ce. Na faɗa da ƙarfin hali, amma hawaye sun riga sun zubo.

Goggo ta miƙe da ƙyar, ta ba Dogo kujerar ya riƙe, ta ce ya sauka ya tsayar mana da motar haya. Sannan ta jawo ni, ta gyara min mayafin da ya karkace tun safe, ta soke shi da fil ɗin da ta ciro daga nata.

"Share idonki, 'yar nan," in ji ta. "Madubin ai shi ne mai sauƙin."